Bunsuru Mai Takardar Asali

Duk wanda ya ce ya zauna Greensboro ta Amurka amma bai ji labarin Dokta Issaka da bunsurunsa ba, to zaman ɗaki ya yi, bai shiga mutane ba. Ku gyara zama in ba ku yadda aka yi. Ba ƙari a ciki, in ma akwai to bai fi gishirin miya ba.

Shi Issaka mutumin Damagaram ne, shekararsa goma sha tara a garin. Aikinsa a wani babban kanti da ke wajen Sedgefield shi ne tattara kurar sayayya da mutane ke watsarwa a wurin ajiye motoci. Sana'a ce ta halal, ba mai raina ta. Abin da ya lalata shi kwana uku ne kacal. Wani ma'aikacin sashen nama ya kwanta ciwo, manaja ya rasa wanda zai sa, ya ce Issaka ya je ya riƙa liƙa lebul a jikin fakitin nama. Aka ba shi farar riga har gwiwa, da safar hannu, da 'yar hular raga. Kafin ya liƙa lebul ko ɗaya sai da ya sa aka ɗauke shi hoto, ya tura gida. Kafin la'asar ƙanwarsa ta zagaye dangi kaf da labarin yaya ya zama likita a Amurka. Shi kuwa bai ƙaryata ba, ina dalili?

A rana ta biyu aka turo masa fakitin naman alade. Yana ɗauka da yatsu biyu yana a'uziyya, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan rubutu kore a jikin lebul, wai ba a taɓa ƙwayoyin halittar wannan dabba ba. Ya ɗauko na rago, babu wannan rubutu. Ya ɗauko na sa, babu. Na kaza ma babu. Issaka ya tsaya cak a cikin sanyin ɗakin nama, ya dafa ƙirji.

"Bon," ya ce da kansa, da ɗan Faransancinsu na Nijar. "In alade kaɗai ne ba a taɓa ba, sauran duk an taɓa su ke nan. Kuma da me aka taɓa su? Ragon ƙasar nan bai san dusa ba, bai san harawa ba, amma wata huɗu ya fi jaki. Ashe jinin wancan ake ɗura musu!"

Ranar Juma'a ana sallame salla a masallacin East Greensboro ya tare mutane a bakin motoci, ya fito da hoton farar rigarsa a waya, ya fara wa'azi. Ya ce shi da idonsa ya gani a laboratuwar. Ya ce sunan abin Jiyemo, kuma duk naman da ba a rubuta masa komai ba, alade ya ratsa ta cikin kakanninsa.

A cikin masu saurare akwai Malam Zubair, wani siririn Bakano, tsohon direban tasi, mutum marar hayaniya amma bakinsa reza. Shekara goma sha biyar shi ke kai jama'a gonar wani tsohon Bature a bayan gari, ka zaɓi ragonka da idonka, ka yanka da hannunka, ko na layya ko na suna. Tsakanin Bakano da Badamagare kuwa kun san ba a rasa tsiya.

"Dokta," in ji Malam Zubair, "shekara nawa ka yi a makarantar likitancin nan?"

"Ilimi ba da shekara ake auna shi ba, Malam Zubair."

"To da me? Da kurar sayayya?"

Aka yi dariya. Issaka ya nuna Malam Zubair da yatsa. "Gonar nan da kake kwasar bayin Allah kana kai su, mene ne a bayan dajinta?"

"Gonar aladu ce, mil biyu tsakani. Wace gona ce a jihar nan ba ta maƙwabtaka da su?"

"Voilà! Iska fa? Ƙwayar halitta ba ta da nauyi, iska ke ɗaukarta. Tunkiya na kiwo ta shaƙa, shi ke nan, an gama."

"Ni ma shekara goma sha biyar ina shaƙa. Ka ji na fara gurnani?"

"Ai Bakano ko ya fara ba zai faɗa ba."

Daga nan abin ya koma gida. Matarsa Hajiya Oumou ta dawo daga aiki ta tarar ya zazzage firizarta a tsakar kicin, yana ware wanda ya ci jarrabawa da wanda ya faɗi. Abin da ya ci jarrabawa busasshiyar kuɓewa ce da daddawar da aka kawo daga gida, su kaɗai.

"Malam, cinyar ragon nan ta fi wata guda ina tattalinta."

"Ba ta da takarda."

"Kai da aka haife ka a Damagaram wa ya liƙa maka takarda?"

Sati biyu ana cin miyar kuɓewa lami a gidan nan, ba ko ƙashi. Hajiya Oumou takan ci kazarta a mota kafin ta shigo, ta goge baki tas.

Ana cikin haka Allah ya sauki 'yarsu Ramlatou lafiya, ta haifi namiji, jikansu na fari. Mijinta Hamissou yaro ne mai kunya, yana aikin gyaran kwamfuta. A barandar asibiti ya durƙusa gaban surukinsa ya ce, "Baba, in ka yarda, sunanka za a sa masa." Issaka ya dafa masa kai. 'Ya'yansa uku duk mata ne, kuma shekara da shekaru abin da yake roƙon Allah a ɓoye ke nan, ya ji an kira Issaka wani ɗan ƙarami ya amsa. Ya juya baya ya share ido da hannun riga. Ramlatou kuwa tun a gadon asibiti ta fara kiran jaririn Abba, don ba ta iya faɗin sunan mahaifinta.

Da ya tsaya nan da an wanye lafiya. To amma wanda bakinsa ya fi shi ƙarfi ina zai tsaya?

Washegari maza suka taru barka a falon Hamissou. Malam Zubair ya ce akwai wani farin rago a gona, ya sa an ware shi, sai ranar suna a je a yanka.

Issaka ya ajiye kofin shayi. "Ragon iska? A sunan jikana? Takwarana?"

"Baba, ai ni ya kamata in..." in ji Hamissou.

"Yi shiru, ɗana, wannan maganar siyantifik ce. Ni zan kawo dabba, tsohon iri, mai asali, wadda hannun ɗan Adam bai taɓa halittarta ba tun daga kakan kakanta. Ba a yanka wa jikana abin da aka jagwalgwala."

"In ba ka samo ba fa, Dokta?" in ji Malam Zubair. "Kwana shida ya rage."

Issaka ya miƙe tsaye, ya dubi liman da ke zaune a kusurwa. "Liman, ka shaida. Jama'a, ku shaida. In har aka yanka ragon gonar nan a sunan yaron nan, to na yafe sunana, a sa masa Zubairu!"

"Malam Issaka, magana zarar bunu ce fa," in ji liman.

"Na zare, kuma ba na mayarwa."

A daren ranar ba a je ko'ina ba ya samo abin da yake nema a waya. Wata tsohuwar Baturiya can kusa da duwatsu, tafiyar awa biyu, tana sayar da awaki tsohon iri, kowace da takardar asali har kaka bakwai. Takarda! Jin kalmar nan kaɗai ya sa Issaka ya ga kamar an yi masa bushara. Da gari ya waye ya ɗauki motar Hajiya Oumou ya kama hanya.

Bunsurun kam, a faɗi gaskiya, ya haɗu. Baƙi da fari, gajere, kakkaura, ƙirji kamar na ɗan dambe. Tsohuwar ta fito da sartifika mai tambarin zinare, da wani ɗan littafi na bayani. Ta ce kafin ya tafi akwai abin da ya kamata ya sani game da irin nan, shin ya taɓa kiwon su?

"Madam," in ji Issaka da Turancinsa na wurin ajiye motoci, "ni dokta ne. Tun kafin a haifi uwar bunsurun nan nake cikin dabbobi."

Ta ɗauko laima ta ce to bari dai ta nuna masa sau ɗaya. Ya ɗaga mata hannu, ya ce ba ruwa ake ba, kuma sauri yake. Ya karɓi sartifika da hannu biyu, ɗan littafin kuwa ya cusa shi ƙarƙashin kujera. Tsohuwar ta ɗaga kafaɗa, ta taya shi saka bunsuru a bayan mota, ta rufe ƙofar a hankali kamar mai gudun ta da jariri.

Rabin hanya ya tsaya gidan mai. Ya buɗe baya don ya ƙara kallon dukiyarsa, ya shafa gemunsa, ya ce masha Allah, sannan ya maido ƙofa garam. Ta gilashi ya ga bunsuru ya sanƙare, ya kife gefe guda, ƙafafu huɗu a miƙe kamar an kifar da tebur.

"Inna lillahi! Zai yi mushe!"

Kun san mutuminmu, in dabba za ta mutu abu ɗaya ne ke zuwa masa, a yanka kafin rai ya fita. Issaka ya laluba aljihu ba wuƙa. Ya kwasa da gudu ya faɗa shagon gidan mai, babbar riga na tashi, ido jajir, yana ihu da Turanci, "Wuƙa! Ku ba ni wuƙa! Zai mutu, dole in yanka shi!" Yarinyar da ke karɓar kuɗi ta nutse ƙarƙashin tebur. Wani ƙato mai sayen kofi ya saki kofin ya ɗaga hannu sama. Da Issaka ya ga ba mai taimako, ya fizgi wuƙar roba daga wurin da ake shafa wa burodi bota, ya fito yana bisimilla tun daga bakin ƙofa.

Ya buɗe mota ya tarar da bunsuru tsaye garau, yana cin hularsa da ta faɗi ciki.

Bai tsaya shan man ba. Sai da ya yi mil goma sannan numfashinsa ya dawo, ya kuma samo bayani. "Gajiyar hanya ce. Jini mai tsabta bai saba da mota ba."

A gida ya ɗaure shi a bayan gareji. Hajiya Oumou ta fito kallo da murfin tukunya a hannu.

"Malam, ina ragon?"

"Wannan ya fi rago. Bunsuru mai takarda ya fi rago marar uba."

Murfin ya suɓuce mata ya faɗi kan siminti, ƙwarararam. Bunsuru ya kife. Hajiya Oumou ta ɗora hannu a ka ta kurma salati, bunsuru da ya fara miƙewa ya sake kifewa. Maƙwabciyarsu Jimmai, 'yar Najeriya mai aikin jinya, ta leƙo ta kan shinge.

"Baba Issaka, wannan dabbar farfaɗiya gare ta. Ka mayar musu tun da wuri."

"Ke allura kika sani, ba ki san jenetik ba. Dabba ce ta asali, kunnenta bai saba da hayaniyar Amurka ba."

"To mu da muka saba, a kifar da mu a yanka ke nan?"

Daga ranar Issaka ya kafa doka, ba hayaniya a gidan. Ku duba fa, satin suna, gidan kakar jariri, mata cike ana suyar cincin da dubulan, a ce ba a kunna bilenda, ba a daka, ba a guɗa, waya kowa ya sa ta a shiru. Matan Nijar da na Najeriya, waɗanda gaisuwarsu kaɗai ake ji daga titi na uku, suka koma raɗa kamar gidan makoki. Duk da haka in wata ta yi atishawa sai a ji tim daga bayan gareji, sai dariya ta ƙwace wa mata, sai a sake jin tim. Kafin kwana biyu sun mai da shi abin wasa, in aiki ya ishe su sai wata ta leƙa taga ta tafa hannu sau ɗaya.

Issaka ya ga abin zai fi ƙarfinsa, ya je ya sayo abin toshe kunne irin na masu yankan ciyawa, ja, ya ɗaura wa bunsuru. Faɗuwa ta ragu. Ya shigo falo yana taku ɗai-ɗai. "Voilà. Na warkar da shi."

Saura matsala ɗaya. Ba a yanka dabba a bayan gida a cikin gari, sai a gona mai izini, kuma gonar da jama'a suka sani ita ce dai ta Baturen Malam Zubair. Hamissou ya faɗa masa haka yana sunkuyar da kai.

"Ba komai," in ji Issaka. "Wurin yanka kawai za mu ara."

"Iskar fa, Malam?" in ji Hajiya Oumou. "Kar ya shaƙa."

Da gatse ta faɗa, amma shi sai ya ga ta yi tunani. Ya buɗe durowa ya zaro takunkumin fuska da ya rage tun zamanin korona.

Ranar suna da hantsi motoci goma sha ɗaya suka shiga gonar a jere. Maza sun fi talatin, kowa da shaddarsa. Farin ragon da Malam Zubair ya sa aka ware yana can a garke yana tuƙa, ba wanda ya ce masa ci kanka. Issaka ya fito cikin babbar riga shuɗiya, sartifika a cikin firam a hammata, yana jan bunsuru sanye da jan abin kunne da shuɗin takunkumi. Wani ya ce, "Wannan suna za a yi ko tiyata?"

Issaka ya hau kan wani kututture ya yi jawabi. Ya ce yau za a ga bambancin ilimi da tuƙin tasi. Ya ɗaga firam sama ya juya shi gabas da yamma. Ya ce kaka bakwai, ba gauraye, ba Jiyemo, ba iska.

Liman ya gama wasa wuƙarsa ya matso. "To madalla. A cire masa kayan nan in duba ido da kunne."

"Liman, ba sai an cire ba."

"Ban taɓa yanka dabbar da ban ga fuskarta ba, Malam Issaka."

Issaka ya cire a hankali, yana yi wa jama'a alama da hannu su yi shiru. Aka yi tsit. Liman ya duba ido, ya duba haƙori, ya shafa ƙafafu, ya gyaɗa kai. "Lafiyayye ne, masha Allah."

Daɗi ya kwashe Issaka, ya manta da dokarsa. Ya dubi Malam Zubair, ya ɗaka wa bunsuru duka a gadon baya, ya daka tsawa, "Voilà!"

Tim.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!" in ji mutum talatin da murya ɗaya. Masu neman wuƙa na yi, masu cewa a yi maza kafin ya cika na yi. Liman ya durƙusa ke nan, bunsuru ya miƙe ya girgije. Jama'a suka ce, "Allahu akbar!" Tim. Ya sake tashi, zakaran gona ya yi cara. Tim. Wani ɗan Maraɗi dariya ta kayar da shi a kan ciyawa, aka rasa wa za a fara ɗagawa.

Liman ya ja da baya, ya goge goshi. "Shekara talatin ina yanka, ban taɓa ganin dabbar da ta mutu sau uku kafin wuƙa ba."

Tsohon Baturen gonar ya ƙaraso yana riƙe da ciki don dariya. Ya yi magana, Hamissou na fassarawa ga waɗanda Turancin ƙauye ke yi wa nauyi. Ya ce lafiyar bunsurun ƙalau, ba suma yake ba ma, in ya firgita ne jijiyoyinsa ke ƙagewa na ɗan lokaci. Ya ce irinsu ke nan, an san su a duk yankin. Tun zamanin kakansa mutane ke zaɓar mai faɗuwa su haɗa da mai faɗuwa, su fitar da wadda ba ta faɗuwa daga garke, don ba sa tsallake shinge kuma sun fi nama. Ya ce a duk gonar nan, har da karensa, ba dabbar da hannun mutum ya juya halittarta kamar wannan.

"Ƙarya ne!" in ji Issaka. "Ga takarda!"

"Kawo a karanta mana, Dokta," in ji Malam Zubair. "Mu direbobi ba mu iya ba."

Aka miƙa wa Hamissou firam. Ya duba, ya dubi surukinsa, ya ce a bar shi. Jama'a suka ce sai ya karanta. Ya karanta da ƙaramar murya. Ubansa mai faɗuwa ne, daraja ta ɗaya. Uwarsa mai faɗuwa ce, daraja ta ɗaya. Kakansa na wajen uba ya ci kyautar baje kolin gunduma sau biyu, don ya riga kowa kifewa.

"Kai, gidan sarauta ne ashe," in ji Malam Zubair. "Kaka bakwai ba wanda ya taɓa tsayawa da ƙafarsa."

Da dariya ta lafa, liman ya ɗaga hannu. Shi mutum ne mai son a rufa asiri. Ya ce tunda mai gona ya tabbatar halitta ce ba cuta ba, kuma ya duba da idonsa bai ga aibi ba, shi a wurinsa ya halatta, zai yanka. "Sai dai kai, Malam Issaka, kai ka ce a gabanmu ba a yanka wa jikanka abin da ɗan Adam ya taɓa halittarsa. Maganarka ce ta tare hanya, ba shari'a ba. In ka janye, bisimilla."

Hamissou ya matso ya durƙusa kusa da shi, ya yi ƙasa da murya. "Baba, don Allah. Ka ce ba ka sani ba, shi ke nan. A yanka, mu koma gida da sunanka. Ramlatou tana can tana jira, Abba take ce masa."

Issaka ya tsaya. Wallahi ya so ya faɗa. Ya tuna ɗan hannun jaririn nan da ya damƙe masa yatsa a asibiti, ya ji zuciyarsa ta karye. Kalma uku ce, ban sani ba, yaro ɗan shekara uku ma yana faɗinta. Ya buɗe baki. Sai ya ɗaga ido ya ga wayoyi sun fi goma a sama ana ɗaukarsa, ya ga Malam Zubair ya harɗe hannu yana jira, ya tuna hoton farar riga da ke rataye a zauren gidansu a Damagaram.

Ya gyara wuyan babbar riga. "Ni dama na sani."

"Baba!"

"Tun a wurin tsohuwar na gane. Gwaji na shirya, don in nuna muku da idonku abin da Nasara ke yi wa dabbobi. Ga shi kun gani. Wannan ba ya yankuwa a sunan jikana."

Ba wanda ya yi dariya wannan karon. Liman ya dube shi ya ce, "To rana tana yi, kuma yau kwana bakwai. A kawo ragon."

Malam Zubair, a ba shi haƙƙinsa, ya ce shi ya yafe, wasa ne tsakanin Bakano da Badamagare, a sa wa yaro sunan kakansa. Nan ma ƙofa ce aka buɗe masa har bango. Issaka ya ɗaga haɓa ya ce shi ba ya karɓar sadaka daga hannun direba, kuma dokta ba ya magana biyu. Hamissou ya share hawaye, ya raɗa wa liman suna. Aka kwantar da farin rago, wanda bai faɗi ba sai da maza huɗu suka kayar da shi. Aka shafa fatiha, liman ya ce an samu Zubairu, Allah ya raya.

Labari ya riga su isa gida. Ramlatou ta miƙa wa mahaifinta jaririn ta shige ɗaki. Hajiya Oumou ta zo ta tsaya a kansa da farantin naman suna.

"Ga shi, Dokta. Ba shi da takarda. Za ka ci ko in kai wa Jimmai?"

Ya ci. Har da ƙari, yana ci yana kallon bango.

Tsohuwar ta ƙi karɓar bunsurunta, Baturen gona ya ce shi ma ba ya so, Issaka kuwa ba shi da bakin da zai ce a yanka. Bunsurun yana nan a bayan gareji har yau, ya yi ƙiba, kuma duk unguwa ba mai kiransa da wani suna sai Dokta. Yaron ya yi wayo, ya fara gudu, ba inda yake so kamar gidan kakansa. Wata da watanni Issaka yana kewaye-kewaye, yau ya ce masa Maigida, gobe ya ce Ɗan Baba, amma yaro ba ya waiwayowa sai an kira shi da sunansa. In kun bi ta layin da yamma za ku gan shi ya nufi titi da gudu, tsoho na binsa babbar riga a hannu, tun yana "kai, kai" har dole ta sa ya buɗe murya duka.

"Zubairu!"

Sai yaro ya tsaya ya juyo yana dariya. Daga bayan gareji kuma sai ku ji tim.